Mai Hoto Da Hazon Bakin Tekun Ikko

Babu Bahaushen da za a tsaya ana yi wa bayanin hazo. Da zarar kaka ta wuce, an kai amfanin gona rumbu, sai iskar hunturu ta taso, gari ya yi fari fat, leɓe ya tsage, kaushi ya dame ƙafa, rana kuma ta koma kamar farin faifai a sama. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, wannan hazo ba ya tsayawa a Kano ko Sakkwato. Yakan ƙetare kogin Kwara da na Binuwai, ya ratsa kurmi, har ya je ya sauka a bakin tekun Ikko, inda ƙasar Nijeriya ta ƙare. A can kuwa akwai wani dattijo ɗan Arewa wanda ya yi shekara 50 yana jiran isowarsa kowace shekara, kamar yadda ake jiran baƙo daga gida.

Mutanen bakin ruwa ba su damu da sunansa na yanka ba. Hausawa suna ce masa Mai Hoto, Yarbawa kuma suna kiransa Baba Onifoto, ma'anar dai ɗaya ce. Ya zo Ikko a cikin shekarar 1974 yana ɗan shekara 18, ya sauka wajen kawunsa mai sayar da goro a Agege. Da kawun ya ga yaron ba shi da bakin ciniki, sai ya kai shi koyon sana'a a shagon wani Bayarabe mai ɗaukar hoto a Obalende. Aikin shagon shi ne hoton fasfo da na biki da na suna. Ran Lahadi kuwa sai a tura yaran shago Bar Beach, su ɗauki masu shan iska, wannan a kan dokin haya, wancan ya naɗe wando ya tsoma ƙafa a ruwa, don a aika wa mutanen gida su ga shaidar an zo teku.

To, lokacin hazo lokacin rashin ciniki ne ga masu wannan sana'a. Wanda ya biya kuɗinsa yana so a ga teku shuɗi shar a bayansa, a ga jirgi, a ga sararin sama. In hazo ya sauko kuwa duk waɗannan sai su ɓace, mutum ya fito kamar an jingina shi da farin bango. Saboda haka masu hoto sukan yi zamansu a shago har gari ya washe.

JIRAGEN SIMINTI

A cikin shekarar 1975 gwamnati ta yi odar siminti daga ƙasashen waje wajen tan miliyan 20, abin da ya fi ƙarfin tashar jiragen ruwa ta Apapa nesa ba kusa ba. Jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin Ikko suna jiran a sauke musu kaya, waɗansu har watanni. A watan Disamba na wannan shekara ne Mai Hoto ya fara ganin abin da ya ɗauke masa hankali har yau. Da sassafe jiragen na kusa sun fito baƙi ƙirin, na bayansu toka-toka, na bayan waɗannan kuma sai inuwa kawai, har ido ya kasa rabe jirgi da sama. Ba a ganin inda ruwa ya ƙare, saboda haka sai suka zama kamar wani birni ne yake rataye a iska. Shi kuwa abin da ya tuna masa shi ne garken shanu yana fitowa daga cikin hazo a bayan garinsu, na gaba a fili, na baya sai ƙaho.

Da ya koma shago ya roƙi maigidansa aron kyamara ta gobe da asuba. Maigidan ya dube shi ya ce, "Yaro, wa zai sayi hoton da ba a ganin komai a cikinsa?"

Ya ce, "Oga, ba na sayarwa ba ne. A cire kuɗin fim a cikin ladana."

Maigidan ya yi dariya, ya ɗauko wata Yashica mai ido biyu, wadda fim ɗinta hoto 12 kacal yake ɗauka. Kafin ya miƙa masa sai da ya zaunar da shi ya karanta masa darasin da ya zama tushen aikinsa, wanda za a zo kansa nan gaba kaɗan.

Akwai kuma wani dalili da ya sa wannan irin hoto ya kwanta masa a rai. Mahaifinsa almajiri ne, bai taɓa sakin jiki da sana'ar sura abu mai rai ba, ko da yake bai hana shi ba. Amma ran da ya kai masa hoton teku da itatuwan kwakwa a cikin hazo, tsohon ya daɗe yana kallo, ya yi tasbihi, ya sa aka maƙala masa shi a zaure. Bai taɓa ganin teku da idonsa ba har Allah Ya yi masa rasuwa.

DAGA INA HAZON YAKE?

Mai karatu zai so ya san cewa hazo iri biyu ne, ko da yake suna ɗaya Hausa ta ba su. Akwai na ƙura, akwai na ruwa. A gaɓar Namibiya, alal misali, igiyar ruwan sanyi da ake kira Benguela ita ce ke sanyaya iskar da ke bisa teku, tururi ya daskare ya zama hazo, ya rufe gaɓa kwana da kwanaki. Tekun Ikko kuwa ruwansa mai ɗumi ne, saboda haka irin wancan hazo ba kasafai yake samuwa ba. Na Ikko yawancinsa aro ne daga Arewa.

Babbar mahaifarsa wani kwari ne da ake kira Bodele, arewa maso gabas da tafkin Chadi. A zamanin da can ƙasan wani ƙaton tafki ne, da ruwan ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iska tana matsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi wannan gari ta yi sama da shi. Daga can zuwa Ikko tafiyar kusan kilomita 2,000 ce. Masana sun tabbatar da cewa wani kason ƙurar ma yakan ƙetare tekun Atalantika har dajin Amazon na Kudancin Amurka.

In ƙurar ta iso bakin teku, tsakanin Disamba da Fabrairu, sai ta tarar da iska mai laima. Da dare ƙasa takan huce, tururin ruwa ya kama jikin ƙwayoyin ƙurar, kafin asuba an sami hazo mai kauri wanda rabinsa Sahara ne rabinsa teku. Shi ne wanda yakan hana jiragen sama sauka a Ikeja. Wajen ƙarfe 9 ko 10 na safe rana takan shanye ruwan, ta bar ƙurar tsura, mai ɗan ja-ja, wadda ba ta da kyau a hoto. Watau ke nan duk abin da Mai Hoto yake nema yana cikin sa'a biyu ko uku ne na safiya, a cikin 'yan makonni na shekara, kuma ba kowace safiya ba. Wata rana ya yi sallar asuba ya kama hanya, ya tarar gari garau. Sai ya sayi shayi wajen 'yan'uwansa masu tebur, ya koma. Mahaƙurci mawadaci.

DABARUN AIKIN

Darasin da maigidansa ya karanta masa shi ne, hazo yana ruɗin kyamara. Ma'aunin hasken da ke jikinta an gina shi ne a kan zaton duk abin da aka nuna masa matsakaici ne, ba fari ba, ba baƙi ba. In ya ga farin hazo ya cika ko'ina sai ya ɗauka haske ne ya yi yawa, ya ba da shawarar a rage. Wanda ya bi shawararsa zai wanke hoto ya ga hazon ya fito duhu-duhu kamar ruwan wanki. Maganin abin shi ne a saɓa wa ma'aunin, a ƙara buɗe idon kyamara da mataki ɗaya, wani lokaci har biyu. Wannan ƙa'ida ba ta sake ba har a kyamarorin zamani marasa fim.

Na biyu, hazo yana cinye nisa. Abin da ke kusa shi ne mai duhu, na nesa kuwa yana ta kodewa har ya ɓace. Saboda haka tilas a sami wani abu mai ƙarfi a gaba wanda ido zai dafa, ko kututturen kwakwa, ko hancin kwalekwale, ko turken da masunta suke ɗaure taru. In babu shi hoton ya zama farar takarda. In kuwa akwai shi, sai na bayansa su jeru hawa-hawa, mai kallo ya ji zurfin wurin a jikinsa.

Na uku, ba a kunna filasha. Haskenta yakan bugi ɗigon ruwan da ke gaban kyamara ya dawo, kamar yadda direba yake makancewa in ya kunna babbar fitila a cikin hazo. Tun da hasken asuba kaɗan ne, sai a ɗora kyamara a kan mariƙi mai ƙafa uku, a danna ƙafafun cikin yashi sosai, a bar idon a buɗe na daƙiƙa ɗaya ko fiye. A nan raƙuman ruwa sukan narke su zama kamar audugar da aka shiɓa, su haɗe da hazon. Gaɓar Ikko kudu take kallo, saboda haka wanda ya fuskanci teku rana ta hagunsa take fitowa, wajen ƙarfe 7 a watan Janairu, ba ta da zafi, ba ta da kaifi. Mai Hoto yakan ce wannan ne kaɗai lokacin da rana take yarda a ɗauke ta.

Sa'an nan ga abokan gaba guda uku, gishiri da ƙura da laima. Feshin teku yana sa ƙarfe tsatsa. Ƙurar da ta haɗu da gishiri in aka goge ta da gefen riga sai ta karce gilashi, don haka hurawa ake fara yi kafin a shafa da tsumma mai laushi. Laima kuwa takan haifar da funfuna a cikin idon kyamara. Ko a ɗakin wanki ba a huta ba. Ruwan maganin wanke fim baƙi-da-fari ana so ya tsaya a kan awo 20 na ma'aunin zafi, ruwan famfon Ikko kuwa ya fi haka ɗumi, sai da ƙanƙara. Yakan ɗan ƙara wa fim lokaci a cikin maganin don baƙi ya ƙara fitowa, amma ba da yawa ba, gama in aka matsa sai hazon ya mutu, a koma gidan jiya.

GAƁAR DA TA TAFI

Shekara da shekaru yana wannan aiki don jin daɗin ransa kawai. Ya buɗe shagonsa, ya yi aure, ya aurar, abincinsa yana fitowa daga hoton fasfo da na biki. Amma kowane hunturu sai ya zaga. Ya shiga kwalekwale zuwa Tarkwa Bay ya ɗauki tsohuwar hasumiyar fitilar jirage ta zamanin Turawa. Ya je Badagry ya ƙetara tsibirin Gberefu, inda aka riƙa bi da bayi zuwa jirgi, ya ɗauki hanyar tana shiga cikin hazo ba a ganin ƙarshenta. Ya ɗauki Egun da Ilaje da masuntan Gana suna jan taru, da masu fararen riguna suna addu'a a kan yashi. Abu guda ne ya ƙi ɗauka. A shekarun 1970 a Bar Beach ake ɗaure 'yan fashi a jikin ganga a harbe su a gaban dubban 'yan kallo, masu hoto kuma suna samun ciniki a ranar. Shi dai bai taɓa zuwa ba.

Ana nan, sai gaɓar ta soma guduwa daga ƙarƙashin ƙafarsa. Ruwa ba ya tsami banza. Tun wajen 1908 Turawan mulki suka fara jera manyan duwatsu, suka yi katangu masu shiga cikin teku a bakin mashigar Ikko, don kada yashi ya toshe wa jirage hanya. To, a wannan gaɓa igiyar ruwa daga yamma take kwaso yashi tana kai shi gabas. Da katangun suka tsaya, sai yashin ya riƙa taruwa a gefen yamma, wajen hasumiyar fitila, Bar Beach da ke gabas kuwa teku yana ɗiba ba a mayarwa. Gwamnatoci sun sha zuba yashi, ruwa yana lashewa. Har ta kai teku yana hawa titin Ahmadu Bello, yana shiga gidajen da ke bakinsa.

A shekarar 2008 aka fara cike wurin don gina sabon birnin Eko Atlantic, aka yi masa katangar dutse mai tsawon fiye da kilomita 8. Titin ya tsira, amma Bar Beach ta tafi ke nan. Inda yaran shago suke ɗaukar masu hawan doki yanzu benaye ne da shinge da masu gadi. Kafin wannan, a watan Yuli na 1990, an rushe Maroko, mutane wajen 300,000 suka rasa matsuguni. A watan Janairu na 2020 aka tashi mazauna Tarkwa Bay. A 2024 kuma aka soma babbar hanyar bakin teku daga Ikko zuwa Kalaba, mai tsawon kilomita wajen 700, ta bi ta kan waɗansu wuraren shan iska na Victoria Island da Lekki. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da masu yabo da masu kuka. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, gaɓar da Mai Hoto ya tarar a 1974 babu ita.

A nan ne wani abu ya bayyana wanda shi kansa bai shirya ba. Jikansa, ɗalibi mai karatun safiyo, ya zauna wata rana yana jera hotunan bisa ga shekarun da aka rubuta a bayansu. Can sai ya ɗago kai ya ce, "Kaka, wannan kwakwar ba ita ce ta wancan hoton ba?"

Ya ce, "Ita ce. A gindinta nake kafa kyamara, don ita ce ta fi duhu."

Yaron ya ce, "To ai a nan akwai rumfuna uku tsakaninta da ruwa. A nan saura ɗaya. A nan kuma ruwa yana gindinta."

Tsohon ya ce, "Bayan wannan ai ba ka ƙara ganinta ba."

Watau ƙa'idar nan ta neman abu mai duhu a gaba ita ce ta sa shi komawa wuri ɗaya, a wata ɗaya, a sa'a ɗaya, shekara bayan shekara. Masu ɗaukar hoto a rana tsaka fuskokin mutane suka tara. Shi da ake yi wa dariya yana ɗaukar abin da ba a gani, ashe ma'auni yake ajiyewa na yadda teku ya ci ƙasa taki-taki. Masana suna da taswira da hotunan da aka ɗauka daga sama, amma taswira ba ta nuna rumfar mai kifi, ba ta nuna inda aka yi salla.

AKWATIN ƘARFE

Yanzu Mai Hoto yana bakin shekara 70. Shagon ya rufe tun da wayar hannu ta kashe kasuwar wankin hoto. Har yanzu yakan fita in hazo ya sauko, jikan yana riƙe masa jaka, ko da yake wuraren da talaka zai tsaya a bakin ruwa ba tare da ya biya kuɗin ƙofa ba sun yi ƙaranci. Yakan yi wa yaron faɗa a kan waya, don ita in ta ga hazo sai ta yi ta neman inda za ta kafa ido, in ta ɗauka kuma ta ƙara wa hoton kaifi da kanta, ta share abin da aka fito nema. Ya koya masa ya dangwala yatsa a kan abin da ke kusa, sa'an nan ya ƙara haske da hannu. Darasin Obalende ne dai bai tsufa ba.

Abin da yake hana shi barci shi ne akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa. A ciki nagatif ɗin aikin shekara 50 suke, kowane a cikin ambulan da kwanan wata. Fim ba ya shiri da zafi da laima, Ikko kuwa gidansu ne. Funfuna ta fara cin waɗansu. Waɗansu kuma in an buɗe ambulan sai a ji wani tsami-tsami yana tashi, alamar jikin fim ɗin ya soma ruɓewa ke nan, kuma in ya soma ba ya komawa, har ma yakan harbi na kusa da shi. Jikan ya ware masu ciwon, ya fara kwafe sauran a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, amma aikin ya fi ƙarfin mutum guda mai jarrabawa a gabansa.

Ba shi kaɗai ba ne. A Sabon Garin Kano da Tudun Wadar Zariya da Jos da Agege akwai tsofaffin masu hoto da irin wannan akwati, in sun rasu magada su ga tarkace ne su zubar. Ƙasar nan tana da gidajen adana tarihi na tarayya a Kaduna da Ibadan da Inugu, ga Gidan Arewa a Kaduna, ga gidan kayan tarihi na Onikan a nan Ikko, ga kuma jami'o'i. Ya kamata waɗannan su fita neman irin waɗannan mutane tun suna da rai, gama hoto ba ya faɗin sunan wurin da aka ɗauke shi, sai mai shi ya faɗa. Masu hali kuma da suke kashe dukiya a wajen biki, kaɗan daga ciki zai isa a sayi na'urar kwafe fim a ɗauki yara biyu aiki.

Shi dai Mai Hoto ya riga ya yi wasiyya. Ya ce in ta Allah ta kasance, a raba akwatin biyu. Abin da aka kwafe a bar wa mutanen Ikko, don gaɓarsu ce. Fim ɗin kansa kuwa a kai shi Arewa inda iska take a bushe, a sami ɗaki mai sanyi a ajiye. Da aka tambaye shi ko ba ya jin mutanen can za su ce me ya haɗa su da teku, sai ya ce duk wanda ya duba da kyau zai ga ƙurar garinsu a ciki.

Allah Ya sa a farga tun akwatin bai zama gari ba, amin.